Amincin Allah da Maido da Karyayyun Mutane: Tambayoyi da Amsoshi daga Damagaram

Tambayoyin da ke nan ba ni na ƙirƙire su ba. Wasu an yi mini su ne a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da muke yi da yammacin Laraba, wasu a zaure bayan an tashi daga sujada, wasu kuwa a wurin zaman makoki, inda mutum yakan rage murya kafin ya tambaya. Mu Kiristan Damagaram 'yan kaɗan ne a cikin babban gari, kuma mun ɗanɗana karyewa, shi ya sa na ga ya dace in tattara su wuri ɗaya, in amsa gwargwadon abin da Littafi ya faɗa da abin da idona ya gani. Inda na kawo magana daga Littafi, ma'anarta na faɗa da bakina. Mai son lafazin ayar sai ya buɗe surar da na ambata.

Malam, idan aka ce Allah mai aminci ne, me ake nufi takamaimai?

Kalmar ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Aminci da amana da amini, har da "amin" ɗin da muke rufe addu'a da shi, duka daga saiwa ɗaya suka tsiro a Larabci, kuma kalmar Ibrananci da annabawa suka yi amfani da ita, wato emuna, 'yar ɗakinsu ce. Tana nufin abin da ya kafu daram, wanda mutum zai jingina da shi da dukan nauyinsa bai goce ba. A zamanin da ayari ke sauka a Zango, falke yakan bar kayansa a hannun mai masaukinsa, ya yi wata da watanni a hanya, ya dawo ya tarar ko allura ba ta ɓata ba. Irin wannan mutum ake kira mai amana, kuma ba a gane shi sai an juya baya.

Amincin Allah ya zarce wannan, domin shi yana riƙe alkawari ko da wanda aka ƙulla da shi ya saɓa. A Farawa sura ta 15, Allah ya sa Ibrahim ya yanka dabbobi ya tsaga su biyu, bisa al'adar mutanen wancan zamani, inda masu ƙulla alkawari sukan ratsa ta tsakanin naman, kamar suna cewa duk wanda ya saɓa, abin da ya sami dabbobin nan ya same shi. Barci mai nauyi ya ɗauke Ibrahim, kuma da duhu ya yi, tanderu mai hayaƙi da harshen wuta ne kaɗai suka ratsa. Ibrahim bai yi ko taku ɗaya ba. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. To, a wannan dare Allah ya ɗauki kayan shi kaɗai. Abin da manzo Bulus ya tuna wa Timoti ke nan a wasiƙarsa ta biyu, cewa ko mun ci amana shi yana nan da amincinsa, gama ba shi yiwuwa ya yi musun kansa.

Su wane ne karyayyun mutanen da annabawa ke magana a kansu?

Da farko dai Isra'ila ce da Yahuza. Bayan rasuwar Sulemanu mulkin ya rabu biyu. Assuriyawa suka ci Samariya, babban birnin mulkin arewa, a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, suka kwashe mutanenta suka warwatsa su. Yahuza ta ƙara fiye da shekara 130. A 597 Nebukadnesar sarkin Babila ya kwashe sarki Yekoniya da fadawansa da maƙera da masassaƙa, annabi Ezekiyel ma yana cikinsu. A 586 kuwa, bayan ya daɗe yana kewaye da Urushalima har abinci ya ƙare a cikinta, aka fasa ganuwa, aka ƙone Haikali da fada da manyan gidaje. An yanka 'ya'yan sarki Zadakiya a gabansa, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu, aka kai shi Babila a ɗaure.

Ya kamata mai karatu ya auna girman abin. Shaidar alkawarin Allah a idon Bayahude ita ce ƙasar da aka alkawarta wa Ibrahim, da gadon sarautar Dawuda, da Haikalin da Sulemanu ya gina, kuma duka suka tafi a lokaci guda. Saboda haka mutanen suka shiga tambayar ko Ubangiji ya sallame su ne, ko kuwa gumakan Babila sun fi ƙarfinsa. Daga cikin wannan toka littafin Makoki ya fito. Bai ɓoye komai ba, har da iyaye mata da yunwa ta kai su ga abin da baki ba ya iya faɗa, amma a tsakiyarsa, a sura ta 3, mai makokin ya ce madawwamiyar ƙaunar Ubangiji ba ta ƙarewa, jinƙansa sabo ne kowace safiya, amincinsa kuma mai girma ne. Mukan rera wannan magana da kiɗa da tafi, mu manta cewa wanda ya fara faɗarta a kan kufai yake zaune.

Mu da ke Damagaram, ina ruwanmu da labarin mutanen da suka shuɗe fiye da shekara 2,500?

Yawanci matasan da ba su yi wayo ba a 2015 ne ke yin wannan tambaya. Ranar Juma'a 16 ga Janairu na wannan shekara, zanga-zangar da aka yi a kan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama tarzoma. An ƙone majami'u a garin nan, da gidaje da shagunan Kirista, da cibiyar al'adu ta Faransa, washegari kuma wutar ta kai Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu a ƙasar cikin kwana biyun nan, ɗaruruwan 'yan'uwa suka fake a barikin soja, gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya fito fili ya ce masu wannan aika-aika ba su fahimci Musulunci ba, mu ma kuwa shaida ne, domin akwai waɗanda a cikinmu maƙwabtansu Musulmi ne suka buɗe musu ƙofa suka ɓoye su.

Da ƙura ta lafa na shiga ɗakin sujadarmu. Kwanon rufi ya lanƙwashe ya faɗo, bencuna sun zama gawayi, sai ƙusoshinsu birjik a ƙasa. Wata tsohuwa 'yar zumuntar mata ta durƙusa tana tona toka da hannu, ta zaro wani ɓangare na Littafi Mai Tsarki wanda gefensa ya ƙone kamar ƙanzo, tsakiyarsa kuwa ana iya karantawa. Ta hure tokar, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ba ta ce komai ba. Tun daga ranar na daina karanta Makoki da Zabura ta 137 kamar labarin wasu. Kuma ba wuta kaɗai ke karya mutane ba: yunwa tana yi, mutuwar aure tana yi, haka ma ɗan da ya tafi ci rani ya yi shiru shekara da shekaru. Bulus ya ce wa Romawa duk abin da aka rubuta a dā an rubuta shi ne domin koyarwarmu, don mu sami sa zuciya.

Baba, ashe zunubinmu ne ya jawo mana? Na ji ana cewa horon Allah ne.

A nan dole a yi hattara, domin amsar gaggawa ta sha raunata mutane fiye da masifar kanta. Game da Yahuza, Littafi bai bar shakka ba. Annabawa sun yi ta faɗakarwa, Irmiya shi kaɗai ya yi wajen shekara 40 yana yi, a kan bautar gumaka, da zaluntar gwauraye da marayu, da dogara ga ginin Haikali alhali an juya wa Mai Haikalin baya. Su kam an gaya musu dalili tun kafin abin ya zo.

Amma ba kowace karyewa ce hukunci ba. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba na kowa ba ne a cikinsu. Da aka yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa musu, ya ce kada a ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Abokan Ayuba sun dage cewa lalle akwai abin da ya ɓoye, a ƙarshe kuwa su Allah ya tsawata wa. A ganina babu mai wa'azin da yake da ikon tsayawa a kan tokar gidan wani ya ce ga zunubin da ya jawo ta.

Wannan bai hana mu duba kanmu ba. Kafin wutar, kowane ɗan rukuni yana harkar gabansa: Katolika daban, ikkilisiyoyin bishara daban, 'yan ƙasa daban, waɗanda suka zo daga Benin da Togo da Nijeriya daban. A bariki tabarma ɗaya ta haɗa mu, kuma ba wanda ya tambayi ɗarikar wani kafin ya miƙa masa ruwa. Ban ce don wannan aka ƙone mu ba, amma zai zama asara a kan asara idan muka bar abin da muka koya a can ya salwanta.

Ayar nan ta Irmiya 29:11, mai cewa Allah yana da shiri na alheri dominmu, ba tana nufin wahala ta kusa ƙarewa ba?

Ana rubuta ta a katin biki da bangon shago, kuma aya ce mai daɗi, sai dai ba a cika karanta abin da ke gabanta ba. Wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga waɗanda aka kwashe a 597. A lokacin wani annabi mai suna Hananiya yana shelar cewa cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila kowa ya koma gida, mutane kuwa abin da suke son ji ke nan. Irmiya ya ce shekara 70 ne. Duk mai furfurar da aka karanta wa wannan wasiƙa ya san a Babila za a binne shi. Sa'an nan ya umarce su da abin da ba su zata ba: su gina gidaje, su dasa lambuna su ci amfaninsu, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin a cikin lafiyarsa tasu lafiyar take. Birnin nan kuwa na waɗanda suka kwashe su ne.

Irmiya bai tsaya a fatar baki ba. A sura ta 32, sojojin Babila suna kewaye da gari, shi kuma yana tsare, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo ya tallata masa gona a Anatot. Ya auna shekel 17 na azurfa ya biya, aka rubuta takarda a gaban shaidu, ya sa aka ajiye ta a cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Duk ɗan kasuwa zai ce kuɗin sun halaka, amma ya saya ne saboda Allah ya ce za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Idan ɗan'uwa ya tambaye ni ko ya sayi fili a Damagaram ko ya kwashe iyalinsa, ba na yanke masa shawara, domin kowa ya san nauyin da ke kansa, amma nakan buɗe masa wannan sura.

To, Allah ya maido da su kuwa? Kuma maidowa tana nufin komai ya koma yadda yake a dā?

Ya maido da su. A 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, shekarar da ta biyo kuma ya ba Yahudawa izinin komawa, har ya mayar musu da kayan Haikali da Nebukadnesar ya kwashe. Littafin Ezra ya lasafta mutum 42,360, ban da barorinsu. Ginin ya tsaya shekaru saboda adawa da sanyin jiki, sai da annabawa Haggai da Zakariya suka ƙarfafa su a 520, aka gama a shekara ta shida ta mulkin Dariyus, kimanin shekara 70 bayan ƙonewar.

Amma abubuwa ba su koma yadda suke ba. Ranar da aka aza harsashi, matasa suna sowa, tsofaffin da suka san Haikalin farko suna kuka da ƙarfi, har Ezra ya ce ba a iya rarrabe sowar da kukan. Ba sarki daga gidan Dawuda a kan gado, Zarubabel gwamna ne kawai a ƙarƙashin Farisa, akwatin alkawari ma bai dawo ba.

Duk wadda ta taɓa kai fasasshiyar ƙwarya wurin gyartai ta san yadda aikin yake. Yakan huda gefen tsagar daki-daki, ya haɗa bakin, ya ɗinke, ƙwaryar ta koma aikinta, amma ɗinkin yana nan kowa yana gani. Uwargida kuma ba kowace ƙwarya take kai wa gyartai ba, sai wadda take ji da ita. Ubangijinmu da kansa ya tashi daga matattu da tabon ƙusa a hannunsa, kuma shi ya nuna wa Toma. Saboda haka idan 'yar'uwa ta ce mini an sāke gina majami'a amma har yanzu gabanta yana faɗuwa in ta ji hayaniya ranar Juma'a, ba na ce mata bangaskiyarta ce ta kasa.

Ni manomi ne. Annabi Yowel ya ce Allah zai rama shekarun da fara ta cinye. In sa ran zai mayar mini da abin da na rasa ninki biyu?

Wanda ya ga farar 2004 da yunwar da ta biyo bayanta a 2005 ba ya bukatar a fassara masa sura ta 1 ta Yowel, inda rumbuna suka zama wayam, shanu suna nishi don rashin makiyaya. Alkawarin da ke sura ta 2 gaskiya ne, kuma da hatsi a cikinsa, domin an ce masussuka za su cika. Allah bai raina abin da ke cikin rumbunka ba. Sai dai an yi alkawarin ne ga jama'a gaba ɗaya da suka komo da azumi da kuka, kuma ƙarshensa zubowar Ruhun Allah ce a kan kowa, maganar da Bitrus ya ɗauko ranar Fentikos.

Ina roƙonka ka guji duk mai cewa ka ba shi kuɗin irinka domin Allah ya ninka maka. Wannan cin dukiyar matalauta ne da sunan Allah. Ayuba ma da ake kafa hujja da shi, tumakinsa sun tashi daga 7,000 zuwa 14,000, an kuma ba shi waɗansu 'ya'ya goma, amma goman farko suna kabari, kuma babu uban da zai ce an biya shi.

Bayan 2015 da yawa sun bar gari ba su dawo ba. Ikkilisiyar da ta ragu haka za ta sāke tsayawa?

Amsata daga gona na ɗauko ta. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin kudancin ƙasar nan sun yi fayau, iska tana kwashe ƙasa tana binne shuka. An yi ta dasa itatuwa daga gandun reno, yawancinsu suka mutu. Ashe maganin yana ƙarƙashin ƙafa. Tsiron da ake sarewa kowace shekara lokacin sassabe tohon kututture ne na itatuwan da aka sare tun dā, waɗanda saiwarsu tana nan da rai a can ƙasa. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya shiga ƙarfafa manoma su bar toho 'yan kaɗan mafi ƙarfi a kowane kututture su sassabe sauran, abin da ake kira sassabin zamani. A namu yankin kuwa manoman Magarya da Matamai da Mirya sun rungumi kare 'ya'yan gawo a gonakinsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sāke yin itace a ƙasar ta wannan hanya, wajen itatuwa miliyan 200, ba tare da an dasa su ba.

Annabawa sun san wannan. Ishaya ya ce a sura ta 6 za a sare al'ummar kamar itacen da ba abin da ya rage sai kututture, amma kututturen nan shi ne tsattsarkan iri. A sura ta 11 kuma ya ce toho zai fito daga kututturen Yesse, mahaifin Dawuda, maganar da muka gaskata ta cika a kan Almasihu. Ayuba ya ce akwai sa zuciya ga itacen da aka sare, ko saiwarsa ta tsufa a ƙasa, da zarar ya ji ƙanshin ruwa zai toho.

Saiwar bishara a garin nan ba ta jiya ba ce. A Damagaram mishan SIM, wato Sudan Interior Mission, suka fara aikinsu na Nijar a 1924, kuma tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Idan na ga bencuna rabi babu kowa, sai yara goma sha suna haddace aya a ƙarƙashin rumfa, nakan tuna tambayar da ke cikin Zakariya, wa ya raina ranar ƙananan abubuwa. Gawo ma, kamar yadda kowane manomi ya sani, da rani yake yin ganye, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe.

Ni ba wani ne ya karya ni ba, ni na karya kaina. Ranar tsoro na musanta bangaskiyata. Akwai sauran wuri domina?

Akwai, ɗan'uwa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku yana jin ɗumi a bakin wutar gawayi. Bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin Tekun Galili, ya tarar da wata wutar gawayin an hura, da kifi a kai da gurasa. Sai da suka ci suka ƙoshi, sa'an nan Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa kiwon tumakinsa. Bai ce masa ya kawo dalilin abin da ya yi ba.

Haka Allah yake tun dā. Ya sa annabi Yusha'u ya je ya fanso matar da ta ci amanarsa da shekel 15 na azurfa da sha'ir, domin Isra'ila ta ga kanta. Ta bakin Ezekiyel ya ce ba don cancantarsu zai maido da su ba, sai don sunansa mai tsarki, zai kuma cire musu zuciyar dutse ya ba su ta nama. Ƙasusuwan da annabin ya gani a kwari busassu ne ƙayau, ba abin da suka iya yi wa kansu, maganar Allah ce da numfashinsa suka tashe su. Sabon alkawarin da Irmiya ya yi annabcinsa a sura ta 31, inda Allah ya ce ba zai ƙara tunawa da zunubinsu ba, shi ne Yesu ya ce ya kafa da jininsa, a daren da ya ɗauki ƙoƙo ya ba almajiran da ya san za su gudu su bar shi. Ka zo ka faɗa wa dattawa. Mu kuma dattawa mu ji tsoron Allah, kada mu bar wanda ya tuba a bakin ƙofa har baƙin ciki ya haɗiye shi, kamar yadda Bulus ya gargaɗi Korintiyawa.

Dole ne mu gafarta wa waɗanda suka cuce mu? Ke nan mun bar haƙƙinmu?

Gafara umarni ce, amma ba ta nufin a ce ba a yi komai ba. Yusufu ya faɗa wa 'yan'uwansa baro-baro cewa mugunta suka nufa, sa'an nan ya ci da su da 'ya'yansu. Bulus, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye sai da mahukunta suka zo da kansu. Neman adalci a gaban hukuma halal ne, ramuwa ce aka hana mu. Kuma gari ɗaya muke: layin famfo ɗaya muke bi idan ruwa ya yi wuya, Kasuwar Dole ɗaya muke ci.

Idan Allah ne mai maidowa, mene ne namu aikin?

Nehemiya ya isa Urushalima a 445 ya tarar ganuwa tana zube, abokan gāba suna ba'a cewa ƙonannun duwatsu ba za su tashi daga juji ba. An gama ginin cikin kwana 52. Sura ta 3 ta jera maginan, akwai maƙeran zinariya da masu haɗa turare da wani Shallum tare da 'ya'yansa mata, wasu kuma kowa ya gyara daura da ƙofar gidansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Surar da aka fi tsallakewa ita ce ta 5. Ana tsakar gini talakawa suka koka cewa saboda yunwa sun jinginar da gonakinsu ga 'yan'uwansu masu hali, har 'ya'yansu mata sun shiga bauta. Nehemiya ya tara manya ya tsawata musu, ya sa suka mayar da gonakin. Wannan ta shafe mu kai tsaye. Ɗan'uwan da yake ranta wa ɗan'uwansa tiya ɗaya da bazara don ya karɓi biyu da kaka yana rushe abin da muke ginawa ran Lahadi. Ganuwar da Tanimun, sarkin Damagaram na dā, ya kewaye Birni da ita, 'yan guntaye suka rage, domin ginin ƙasa idan aka daina yi masa yaɓe damina ce take cinye shi sannu a hankali, ba sai maƙiyi ya zo ba.

Malam, maigidana ya rasu yana jiran ganin alherin Allah, bai kuwa gani ba. Ina amincin yake?

Wata dattijuwa ce ta yi mini wannan tambaya kwana bakwai da rasuwar mijinta, kuma na daɗe ban buɗe baki ba. Daga baya na ce mata: Inna, maigidanki ba shi kaɗai ba ne. Irmiya da ya sayi gonar Anatot, tilas aka tafi da shi Masar, bai ga komowar ba. Tsofaffin da aka kwashe tare da Yekoniya a Babila aka binne su. Ibraniyawa sura ta 11 ta ce magabata irin su Ibrahim ma duka sun mutu cikin bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi suka yi masa maraba. Amma idan kika buɗe sura ta farko ta Matiyu za ki ga sunan Yekoniya ɗin nan, sa'an nan Zarubabel, har lissafin ya sauka a kan Yesu. Alkawarin ya fi ran mutum ɗaya tsawo, kuma kabari bai isa ya yanke shi ba, gama Almasihu ya tashi.

Na tuna mata da shukar binne da ita da marigayin suka sha yi, lokacin da ake zuba iri a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta yi hadari ba, a rufe a koma gida. Kalma ɗaya muke amfani da ita ga irin da kuma wanda muka kai makwancinsa, kuma Bulus ma a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa da shuka ya kwatanta jikin da ake binnewa: ana shuka shi da rauni, a tashe shi da iko. Na karanta mata sura ta 21 ta Wahayi, inda aka ce Allah zai zauna tare da mutanensa, ya share musu dukan hawaye, mutuwa kuma ba za ta ƙara kasancewa ba. Ta yi shiru tana murza bakin mayafinta, sa'an nan ta ce in sāke karanta mata wurin share hawayen, a hankali, domin kunnenta ya yi nauyi. Na matsa kusa da ita na sāke karantawa.